Gidan Takwas na Halilu

Duk wanda ya san gabashin Dogon Dutsi ya san gidaje takwas ɗin nan da ciyawa ta cinye. Na Halilu ne, kuma har yau ba na son wucewa ta wurin.

'Yar gona ya gada, ba ta taka kara ta karya ba. Sai gari ya faɗaɗa ya iske ta. Ma'aikata na yawon neman haya, maƙwabta na yanka filayensu suna gini, shi ko bulo ɗaya ya gagare shi. Matarsa Lantana takan ce su bi a sannu, ɗaki ɗaya kowace kaka. Halilu bai iya jira ba.

Da rana tsaka ya tafi wajen wani boka a bayan ƙauyen Kiéché. Bukka ce ƙarƙashin tsamiya, an ɗaure gindinta da baƙin ƙyalle. A ƙofa akwai tukunya a kife, jini ya bushe a kanta, ga ƙuda.

"Hilinka da mai shi," in ji bokan. "Doguwa ta zamna nan tun kahin kakanka. Za ta buɗa maka, amma duk gidan da ka gina, wanda ya hwara barci ciki nata ne."

"Ko dabba?"

Bokan ya amsa masa, "Rai ta ce."

Halilu ya fito yana murmushi, wai ya yi wa iska wayo.

Arziki ya zo kamar ruwan Agusta. Kowane gida aka gama, sai ya kulle akuya a ciki, da safe ya ja mushe ya binne. Gida bakwai haka. Lantana ta tambaye shi ina awakin ke zuwa, ya ce sadaka ce.

Na takwas nasu ne, shi za su koma. Ranar da aka sa ƙofa, Halilu ya tafi kasuwa sayen akuya. Lantana kuwa, baiwar Allah, ta ɗauki tsintsiya da kaskon turare, don mace ba ta shiga sabon gida ba ta share shi ba. Ta share, ta turara, zafi ya dame ta, ta shimfiɗa zanenta a sabon siminti mai sanyi.

Ya iske ta kwance, tsintsiyar na gefenta, igiyar akuya na hannunsa.

"Lantana, tashi! Don Allah tashi, ba a barci nan!"

Ba ta tashi ba.

Bayan sadakar bakwai 'yan haya suka watse. Halilu na nan yana zagaya gidajen, yana buga ƙofofi yana tashin mutanen da babu.

Kai mai ɗan fili da gaggawa, ji tsoron Allah. Ɗaki ɗaya kowace kaka da Lantana ta ce, da yanzu sun kai takwas, tana ciki da ranta.