Reshen da Danuta Ta Yanke

Da faɗuwar rana Danuta ta kama hanyar tsohon gidan dutse na bayan ƙauye, rungume da kwanon dafaffiyar alkama da zuma. Yau ce ranar ciyar da magabata: a buɗe taga, a kira sunan kowane mamaci, a ajiye masa cokali.

Ita za ta kira sunayen, don ita ta bi salsalar gidan a majami'u da maƙabartu, har zuwa jarumin da ya gina shi shekaru aru-aru. 'Ya'yansa biyu. Dorota ce babba, ita aka bar wa gidan. Zenon, wanda Danuta za ta aura, daga tsatson ƙanen ya fito. Tsohuwa Tekla mai kwana a ɗakin girki ita ce jinin Dorota na ƙarshe, ba ta kuma sani ba. Danuta ta yanke wannan reshe kafin ta kai bincikenta kotu, don gidan ya faɗa hannun Zenon. Zenon zai mai da gidan otal, Tekla ta fita kafin saukar ƙanƙara.

"Kaka, rufe tagar nan," in ji Zenon. "Kafin baƙinki su ƙoshi sanyi ya sa mun bi su."

"Bakinka dai za ka rufe, ja'iri," Tekla ta ce. "Fara, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tono mana su."

Danuta ta sunkuyar da kai, ta fara. Kowane suna, Tekla ta ajiye cokali. Da Danuta ta zo kan Dorota, ta tsallake.

Harshen kyandir ya kwanta.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne ƙamshin zuma. Wani abu ya sauko daga taga, yana jan doguwar riga a daɓen dutse. Ya zagaya teburin. Kujeru suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, kamar ana dafa su ana wucewa.

Ya tsaya a bayan Danuta.

"Ni ina zan zauna?" Raɗa ce, muryar mace.

Yatsu masu sanyi suka zagaye wuyanta. Numfashi ya ƙi fita.

"Dorota," Danuta ta ce da ƙyar.

Yatsun ba su saki ba. Sai ta kira ɗan Dorota, da jikanta, tana gangarowa suna bayan suna, har Ludwika.

Cokali ya faɗi daga hannun Tekla.

"Ai uwata ce wannan."

Aka saki wuyan Danuta.

Washegari Danuta ta koma kotu, ta faɗi gaskiya da bakinta. Zenon ya karɓi zobensa na baiko, bai ko dube ta ba. Gidan ya zama na Tekla.

Tsohuwar ba ta taɓa tambayarta dalili ba. Duk Lahadi sai ta aiko mata da burodi mai zafi. Danuta takan karɓa da hannu biyu, ta zauna tana kallonsa har ya huce. Da zaginta aka yi, da ta iya ci.