Amaryar Hawasha

"Sake faɗa in ji, Diktor!"

Talatu ta sauke tulun da ke kanta ta ajiye a gindin darbejiya, ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kai gaisuwar aurensu.

Maliki ya yi murmushi irin na mai kawo albishir.

"Na ce na fasa tafiya, sanyin idona. Ga amsar nan na rubuta musu. Ranar Alhamis in na shiga Sinnar zan kai ta gidan waya. Ana gama cirar auduga sai biki."

"Ka fasa..."

"Na fasa. Ba ki yi murna ba?"

"Mutum nawa kuka zauna jarrabawar nan?"

"Arba'in da 'yan kai."

"Nawa aka ɗauka?"

Ya kau da kai yana kallon ruwan da ke gudana a babbar magudana. "Biyu."

"Biyu! Ɗayansu kai ne, ɗan ƙauyenmu na Hillat Sambo, sannan ka zo kana washe mini baki wai ka fasa! Ka manta Inna ke nan?"

Murmushin ya gushe daga fuskarsa.

Bai manta ba, ita ma ta san bai manta ba. Shekara biyu da suka wuce, a daminar 1970, Talatu ta kai mahaifiyarta wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Sinja, maciji ya sare ta a gona. Maliki a lokacin sabon likita ne, bai daɗe da dawowa daga Khartum ba. Maganin yana nan cikin ɗakin ajiya, shi da kansa ya gan shi da safe. Amma mai kula da ɗakin ya tafi cin kasuwa da mabuɗi a aljihu, motar asibiti kuma ba mai. Kafin a ɓalle ƙofar ƙarfen, Inna ta cika.

A bayan ɗakin nan Talatu ta tarar da likita ya kifa kai a bango yana kuka kamar shi aka yi wa rasuwa. Ita ce ma ta ba shi haƙuri. Daga nan zuciya ta san zuciya.

Tun ranar yake cewa, "Ba rashin magani ke kashe mutanenmu ba, Talatu, rashin mai tsara aiki ne." Da aka ce gwamnati za ta tura likitoci biyu Iskandariyya ta ƙasar Masar su yi digiri na biyu kan shugabanci da tafiyar da asibitoci, shi ya fara rubuta sunansa.

"Ban manta ba," ya ce a hankali. "Baba ne."

"Mi ya sami Baba?"

"Idonsa ya ƙara rufewa. A ban-ruwan da ya wuce, 'yan ƙodago suka buɗe suka tafi wata gona, ruwa ya kwana biyu a kwance, auduga ta yi rawaya. Mufattish ya yi mana gargaɗi na biyu. Ya ce in aka yi na uku za a cire sunan Baba a ba wani hawashar. Ya ce ba ya son ɗan haya, mutumin gida yake so a rubuta wakili. To wa ke gidan in ba ni ba?"

Hawasha ita ce gonar da hukumar noman rani ke ba manomi ya riƙe da sunansa, mufattish kuwa shi ne jami'in da ke zagayawa yana duba ta. Ta Baba Alhasan ta fi ɗansa Maliki shekaru. Yana saurayi ya ɗauki dutse a ka a aikin madatsar ruwa ta Makwar, ya yi shekara da shekaru yana ƙodago kafin a rubuta masa ita. Kowa a Hillat Sambo ya san ranar da aka karɓe ta, ranar za a fara haƙa kabarinsa.

Talatu ta ce, "A rubuta ni."

"Ke?"

"A ɗaura aure yanzu, in zama mutumin gida. A cikin ruwan nan aka haife ni, Diktor."

"Haba, Talatu! A ce likita ya auro ɗiyar mutane ya tura ta cikin taɓo ya hau jirgi? Kin san abin da ke cikin ruwan nan? Tsargiya! Kullum ita nake dubawa."

"Sai ka sayo mini takalmin roba."

"Ba wasa nake ba..."

"Ni ma ba wasa nake ba." Ta matso kusa da shi. "Kana tsammani ina so ka tafi? Shekara biyu, ya habibi! In na tuna, abinci ba ya wuce mini. Amma in ka zauna saboda ni da gona, duk ranar da aka fito da gawa daga asibitin nan za ka dube ni, ni kuma ba zan iya ɗaga kai ba. Ba ni takardar."

Ya yi jinkiri, sannan ya miƙa mata. Ta naɗe ta a bakin mayafi.

"Zuwa Alhamis kawai," ya ce. "In Baba bai yarda ba, ki maido mini."

Washegari da hantsi ta dama kunun gyaɗa ta kai gidan Baba Alhasan. Ta durƙusa nesa da gadon igiyar da yake zaune, ta gaishe shi sau uku, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, kanta a ƙasa.

Tsoho ya saurara har ta gama.

"Ɗiyar Mato, kin gama?"

"Na gama, Baba."

"Kunu ya yi daɗi, Allah shi yi albarka. Amma wagga magana, ki bar ta nan. Uwar Maliki shekara talatin tana gidan ga, ƙafarta ba ta taɓa taka gona ba. Haka muka taho da shi daga Sakkwato. Can kambo ne mata ke shiga taɓo."

Maganar ta soke ta. Kambo shi ne unguwar bukkokin 'yan ƙodago da ke bayan gari, inda aka haife ta. Ta san tun farko tsohon bai so ɗansa ya nemi aure a can ba, kunya ce kawai ta hana shi faɗa.

"Gaskiya ne, Baba," ta ce. "A can na tashi."

Ta ɗauki kwanonta ta fita. Sai da ta sha kwana sannan ta bar hawayen suka zubo.

Laraba ce ranar ruwan hawashar. Duk kwana goma sha huɗu ake sakar musu shi daga ƙaramar magudanar da suke kira abu ishirin, wanda ya yi sake kuwa sai wani zagayen. Maliki na asibiti, ba zai iso ba sai azahar.

Ba wanda ya aike ta. Ana sallame sallar asuba ta ɗauki fartanyar mahaifinta ta nufi gonar.

Abin da ta tarar ya sa ta salati. 'Yan ƙodagon sun fasa baki ɗaya mai faɗi sun yi gaba, ruwa ya taru a gefen gabas ya yi tafki, gefen yamma kuwa ƙasa a bushe har ta tsage. Ta ɗaure zani, ta tuɓe takalmi, ta shiga. Ta kwaɓa laka da ciyawa ta toshe bakin, ta yanka ƙaramar hanya ta janye tafkin, sannan ta fara shayar da gonar kashi-kashi, tun daga can ƙarshe tana dawowa baya, yadda Inna ta koya mata.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da ta ji takun jaki. Baba Alhasan ne, jakin ya san hanya ko ba a ja shi ba. Ta maƙale bayan kunya ta yi tsit.

Tsoho ya sauka, ya tsaya ya karkata kunne. Ya taka a hankali, ya tsoma sanda a kwari na farko, ya ciro ya shafa tsawon jiƙewar da yatsa. Ya matsa ya sake. Ya durƙusa ya lalubi toshiyar da ta yi.

"Wa ya yi wanga aiki?" ya ɗaga murya. "Daga ƙarshe ya faro! Rabon da in ga mai shayarwa haka tun zamanin marigayi Abdussalami. Kai, bawan Allah, fito in san ka!"

Ta ƙara maƙalewa.

"Ina jin numfashinka. Ɗan wa ne kai?"

"Ni ce, Baba..."

Sandar ta kusa suɓuce masa. Yana nan a durƙushe, ruwa na wucewa ta gefen ƙafarsa.

"Wa ya koya miki?"

"Inna. Ita ta riƙa shayar da wannan gonar shekara uku kafin ta rasu, Baba. Sunan babana ake faɗa maka, amma ita ke shiga."

"Shekarun da na yi auduga mafi kyau..." ya faɗa kamar da kansa yake magana.

Ƙarar mota ta katse su. Mufattish ne, ya sauko da littafinsa a hannu, fuska ba walwala. Ya bi kunya yana dubawa, ya je ƙarshe ya dawo, sannan ya ce da Larabci, "Yau kam daidai, ya Hajj. Amma ni ba na son yau daidai gobe ɓarna. Wa zan rubuta wakili?"

Baba Alhasan ya miƙe ya gyara rawaninsa.

"Rubuta Talatu. Matar ɗana."

"Ɗanka likita ya yi aure?"

"Zai yi ran Juma'a. Kai dai rubuta."

Da motar ta tafi, tsoho ya juyo inda yake jin ta.

"Kuka kike?"

"A'a, Baba."

"Maƙaryaciya. Riƙe mini jakin ga in hau. Kuma ki gaya wa wancan likitan naku, in ya bar ki kika kamu da ciwon ruwa, ni da shi ne."

Ranar Alhamis amsar amincewa Maliki ya kai gidan waya, ba ta fasawa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka ɗaura aure. Ba a yi taron da aka shirya ba, amma matan kambo da na cikin gari sun haɗu sun yi guɗa har muryoyi suka dushe. Aka zauna aka yi wa amarya lalle, hannu da ƙafa, ya kama ya yi baƙi wuluk. A cikin kayan da ango ya kawo, ƙarƙashin turaruka da mayafai, sai ga takalmin roba dogo har gwiwa. Mata suka yi ta dariya suna ɗaga shi sama.

"Yau ga ango mai tsari!" in ji wata tsohuwa. "Saura fartanyar zinariya!"

Kwana goma sha biyu suka samu. Ta koya masa cin tuwon dawa ba tare da ya buɗe littafi a gefe ba, shi kuma ya koya mata yadda ake rubuta adireshin Iskandariyya a bayan ambulan. Ba wanda ya ambaci ranar tafiya, sai da takardar jirgin ƙasa ta zo. Tafiyar ran Laraba ce. Ranar ruwa.

"A nemi wani ya tsaya yau ɗaya," Maliki ya ce da safen, akwatinsa a bakin ƙofa. "Ki raka ni tasha, Talatuna. Ko amarya ma ai ba ta fita kafin arba'in, kowa zai fahimta."

"Mufattish ba zai fahimta ba. Zagayena na farko ne da sunana a littafi."

"To in tafi ban ga fuskarki a tasha ba?"

"Ga ta nan, kalle ta yanzu."

Ya kalla. Idanunsa suka cika.

"Kada ka yi," ta ce, tana gyara masa wuyan riga. "In ka yi, ni ma zan yi, kuma ba mai tsayar da ni. Ka je ka koyo, ka dawo ka gyara mana asibitin nan. Ka ci abinci. Kada ka kalli matan Masar."

"Wace Masar? Na bar idona a nan."

"Jirginku zai bi ta bayan hawasha. Ka zauna ta hannun hagu."

Da hantsi tana tsakiyar gona, ƙafafunta masu lalle cikin takalmin roba, fartanya a hannu. Baba Alhasan na zaune a kan kunya, ya jingina da sandarsa. Can daga kudu ta ji kukan jirgi.

Ta miƙe tsaye. Hayaƙi ya fara bayyana, sannan taragu suka biyo a jere. Nesa ta yi yawa, ba a gane fuska. Amma a wata taga, ta hannun hagu, wani farin abu na kaɗawa, yana kaɗawa bai daina ba. Ta cire mayafinta ta ɗaga sama da hannu biyu. Ta riƙe shi haka har tarago na ƙarshe ya shige bayan itatuwa, har ƙarar ta mutu.

Sai a lokacin ta bari kukan ya fito, mai sauti, kafaɗunta na rawa.

Tsoho bai hana ta ba. Ya jira har ta sassauta, shi ma ya share ido da bakin rawani.

"Ya wuce?"

"Ya wuce, Baba."

"Allah shi kai shi lafiya, shi maido mana shi." Ya karkata kunne wajen ruwa. "Wancan kwarin ya ƙoshi, ɗiyata. Toshe shi, ki buɗe na gaba."

Ta share fuska da bayan hannu, ta sunkuya ta ɗebo laka.