Warƙa ta Goma Sha Tara

Muryarta Halliru ya fara ji kafin ya ga fuskarta. Wata Alhamis ce bayan la'asar, shekarar da aka kawo shi Wurno daga Rabah ya koyar a elementare, Turawa suna nan daram a Sakkwato. Wani ya ja shi zauren Malam Yusha'u, inda dattawa ke taruwa kowane mako, ba su da zance sai na Sarki Tunau, wanda aka ce shi ya gina ganuwar da kufanta ke kan hanyar Goronyo, ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Kai, mutanen nan suna son Tunau kamar shi ya raɗa musu suna!

Malam ya shekara uku da makancewa. Ɗiyarsa Safara'u ke zama bayan asabari tana karanta musu tsohon littafin gidan, wanda ba shi da ɗinki, warƙa-warƙa ne, wato takarda ɗai-ɗai, cikin gafakar fata. Da ta miƙo gafakar, asabarin ya ɗage, suka haɗa ido. Halliru bai farga ba sai da ya isa gida ya ga takalmin Baba Mode, babban aminin Malam, a ƙafarsa.

Inno, ƙanwar Malam mai sayar da fura kusa da makaranta, ita ta kai wasiƙarsa.

“Malamata ta bayan asabari, tun Alhamis ban koyar da kome daidai ba. In kin yarda, in turo manyana.”

Amsa ta zo da ajami: “Ɗan boko, maida ma Baba Mode takalminai tukun. Sannan ka turo.”

Malam ya karɓi manyansa da hannu biyu, aka sa rana bayan girbi.

Ana cikin haka sai ga Zayyanu, marubucin ƙananan littattafan boko da ake rububinsu a kasuwanni. Ya nemi ganin littafin Tunau. Malam ko tabarma bai sa an shimfiɗa masa ba.

“Irinku mun san su,” in ji shi. “Ku kwana biyu gari, ku yanke ma matattu hukunci don a tahwa muku. Tashi ka ba ni wuri.”

Tausayi ya kama Halliru, ya raka baƙon bakin Rima wurin masunta, waɗanda su ma suke da nasu labarin ganuwar. Wannan rakiya ita ta ja masa.

Wata huɗu aka yi, littafi ya fito. Attahiru, ɗan kasuwar albasa, mafi ƙuruciya a zauren, wanda ya daɗe yana son Safara'u, shi ya sayo shi a Goronyo ya karanta wa dattawa da ƙarfi. Zayyanu ya rubuta cewa Tunau azzalumi ne, ya sa an binne magina arba'in da ransu cikin ganuwa don kada ta faɗi. A shafin godiya kuwa ga sunan Halliru ɓaro-ɓaro.

Zaure ya ɗau zafi. Malam ya aika wa Halliru: ko dai ya zo ranar Alhamis ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa Zayyanu ƙarya ya yi, ko kuma a ba Attahiru yarinya.

Halliru ya riga ya yanke zai rantse, don wallahi bai ga wani Tunau da ya kai Safara'u ba. Sai ga Inno da takarda.

“Halliru, kak ka rantse. Ko za a ba ni Attahiru, kak ka rantse. Ba ni iya hwaɗa maka dalili.”

Babu “ɗan boko” a ciki, babu wasa. Ya karanta ya sake, bai ga kome ba sai cewa ta gaji da shi, albasa ta fi alli. Duk da haka, ita ta roƙa, bai san yadda zai ƙi ta ba.

Ranar Alhamis Attahiru ya riga kowa dafa Alƙur'ani, ya rantse babu wannan magana, shi da bai taɓa riƙe warƙa ɗaya ta littafin ba. Aka juyo kan Halliru.

“Baba,” ya ce wa Malam, “ban ga ginin ganuwag ga ba. Ba ni rantsuwa bisa abin da ban sani ba.”

“To hita. Ba ni da ɗiya gare ka.”

Halliru ya kai bakin ƙofa ke nan Baba Mode ya ce a dakata, a karanta littafin daga farko har ƙarshe a gaban yaron, ya tafi da kunyarsa. Safara'u ta fara. Ta kai warƙa ta goma sha takwas, sai ta tsaya.

Littafin da ba shi da ɗinki, mai kwafe shi yakan rubuta kalmar farko ta warƙar gaba a gindin ta baya, don kada su cuɗe. Mai karatu kaɗai ke ganin wannan, masu saurare ba su sani ba.

“Baba,” ta ce daga bayan asabari, “warƙag ga ba ta haɗu da ta gaba ba. Akwai guda da ba ta nan.”

“Wuce,” in ji Malam.

“Shekara ukku ina wucewa, Baba. Yau an kori mutum don ya ƙi rantsuwa. Ba ni wucewa.”

“Safara'u, mi kike son ki yi min?”

Kukanta kawai aka ji. Can Malam ya ciro layar da ke wuyansa, ya laluɓo wuƙar fiƙe alƙalami, ya farke ɗinkin. Ba addu'a ba ce a ciki, warƙa ce a ninke, ta yi baƙi don gumi.

“Ubana yaɗ ɗinke ta, yas sa min ga wuya,” ya ce. “Karanta, ɗiyata.”

Sunayen maginan da aka binne ne, guda arba'in, kowa da sunan ubansa, har da 'yan'uwa uku ciki ɗaya. Kafin ta kai na ashirin Attahiru ya sulale. Baba Mode ya jira ta gama, ya miƙe da ƙyar.

“Yusha'u, shekara talatin ka bar mu muna yabon mai kisan kai,” ya ce. Ya fita, sauran suka bi shi, ba ko sallama.

Malam ya juya fuskarsa wajen ƙofa. “Halliru, kana nan?”

“Ina nan, Baba.”

“Zayyanunka ya hwaɗi gaskiya, amma har gobe ba ni yarda da shi. Bai san sunan ko guda ba, bai kuma nema ba. Zo ka zamna.”

Bayan girbi aka ɗaura aure. Daga abokan zaure babu wanda ya zo, ko ɗaya. Masunta ne suka cika ƙofar gida, suka sa Malam ya yi wa mutum arba'in ɗin nan Fatiha kafin ta aure. Da aka shafa, ya miƙa wa ango gafakar, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'yan da ba za a ɗinke wa kome a wuya ba.

Da aka kai amarya Halliru ya ce mata, “Na ɗauka albasa kinka zaɓa.”

“Ɗan boko ke nan,” ta ce, tana dariya tana share hawaye. “Kai dai karatun wasiƙa bai karɓe ka ba.”

Alhamis ta zagayo. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarmi kamar kullum, ya zauna yana kasa kunne ga ƙofa har rana ta yi ja. Ba wanda ya shigo sai su biyun. Safara'u ta naɗe asabarin, ta zauna tsakanin ubanta da mijinta, ta buɗe gafaka. Da ta kai ƙarshen warƙa ta goma sha takwas, Malam ya ce, “Ci gaba.” Ta ɗauko ta goma sha tara.