Ranar da Haƙorin Kaka Ya Farka

Elroy ya fito daga ruwa da allonsa na hawan igiyar ruwa a hammata yana tsaki, domin tun safe teku a kwance take kamar ruwan randa. A kan dutsen da muke shanya rigunan roba na shiga ruwa ya tarar da wata baƙuwa zaune, ta ƙura wa ruwa ido, leɓunanta na motsi.

"Addu'a kike yi mana, 'yammata? Ki ƙara himma, yau ko kwaɗo ba zai samu abin hawa ba."

Ko juyowa ba ta yi ba. "Lissafi nake yi. Kada ka cire rigar nan, kafin la'asar za ka neme ta."

Ya tuntsire da dariya. Ita kuwa ta nuna masa wasu siraran layuka can nesa, suna tahowa a hankali.

"Ka ga tazarar da ke tsakaninsu? Guguwa ce ta haife su can kudu, kusa da ƙanƙara, kwanaki da suka wuce. Iska ta daɗe tana tura ruwa a fili mai faɗi. Dogayen igiyoyin ruwa sun fi gudu, su ke fara isowa. Sauran dangin suna baya."

"Wato ruwan ƙanƙara ne ya taho mana?"

"Ruwan bai je ko'ina ba. Ka taɓa kaɗa bargo? Tudun ne ke tafiya, bargon yana hannunka."

A nan ne ta ɗago ta dube shi, kuma a nan ne ɗan mutane ya manta abin da zai ce. Kafin la'asar teku ta tashi. Elroy, wanda duk garin nan ba mai tsayuwarsa a kan allo in ka cire ubansa, ya yi ta faɗuwa ranar, don idonsa na kan dutse.

Sunanta Yonela, 'yar Cradock, garin tumaki da ba a ganin teku ko a mafarki. Ta karanta ilimin teku a birnin Gqeberha da ke bakin ruwa, ta koyi hawan igiya a can, ta kuma buɗe shafi a intanet inda take gaya wa kowa, kyauta, ranar da ruwa zai yi kyau da inda zai yi.

Ba a yi wata guda ba saƙo ya fara tashi tsakaninsu.

"Malamata, me ya sa igiya take miƙewa in ta iso bakin gaɓa? Tambayar ɗalibi ce, ba hira nake nema ba."

"Maƙaryaci. In ta iso wuri mara zurfi ƙasanta na gogar yashi, sai ya rage gudu. Samanta bai sani ba, ya ci gaba da sauri, sai ta kifa. Ka ci abinci, Kifina?"

"Ni ma haka na kifa ranar da na gan ki."

"Na gani. Har sau nawa."

Soyayya ce mai daɗi, na rantse, irin wadda in ka gan su suna raba soyayyen dankali a takarda ɗaya sai ka ji kishi. Elroy aure yake so, ya kuma faɗa mata. Matsalar ɗaya ce, ubansa.

Uban nasa, Oom Gawie, wato Baffa Gawie da yaren garinmu, shi ne sarkin ruwanmu. Shi ke cewa wane ya hau, wane ya jira, wane ya fita. Tunda shafin Yonela ya yi suna, motocin Cape Town suka cika mana bakin teku duk ranar da ruwa ya yi kyau, tsohon ya ɗora mata karan tsana. Babban tsoronsa Oumatand ne, wato Haƙorin Kaka, wani dutse a ƙarƙashin ruwa bayan tsaunin gabas. Shekaru sai su wuce yana barci. Ba ya farkawa sai dogayen igiyoyi sun zo daga kudu sak, irin masu jin ƙasa tun daga zurfi har su lanƙwaso bayan tsaunin, kuma iska ta huro daga tudu ta riƙe musu fuska. Sau biyu Gawie ya hau shi a rayuwarsa, na ƙarshe Elroy na firamare. Yanzu ya doshi saba'in, gwiwa ta fara ƙi, yana jiran na uku. Doka ya kafa, ba mai shiga Oumatand sai Gawie ya fara shiga, kuma ba wanda ya taɓa karya ta.

"Wannan mai tallan ruwan mutane?" ya ce wa ɗansa. "Ga Charné 'yar abokina, a gabanka ta girma, ba ka gan ta ba sai 'yar masu tumaki? Muddin ina numfashi ba za ta shigo gidana ba."

Wata Asabar Yonela ta shiga ruwa ta zauna a layi kamar kowa. Gawie ya ɗaga hannu, mutanensa suka kewaye ta.

"Ke yarinya, a wayarki aka rubuta miki ki shigo nan?"

"Ina kwana, Oom. Layi nake bi."

"Layin tumaki yana Cradock."

Ya kamo igiyar da ke ɗaure allonta da ƙafarta, ya yanke da wuƙar kifi, ya tura allon cikin ruwa mai fashewa. Allon ya bugi duwatsu ya rabe biyu. Ita kuwa da iyo ta fito, cikin sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasarmu, duwatsu suka yayyanka mata gwiwa. Ta tarar an shafe gilasan motarta da kakin allo. Charné na tsaye da waya tana ɗauka tana ƙyalƙyala dariya, kafin azahar duk garin ya kalla.

Elroy fa? Yana cikin ruwan, kusa da ubansa, ya sunkuyar da kai yana kallon allonsa. Ko tari bai yi ba. Ni mai ba ku labari ina son yaron nan, amma ranar ya ba ni kunya.

Saƙonninsa suka yi ta shiga ba amsa.

"Malamata, ki yafe mini. Ubana ne, bakina ya mutu."

"Yoni, ko zagi ne ki turo."

"Na rataye allona. Ba zan sake shiga ruwa ba sai kin yi mini magana."

Ya kuwa cika. Ya bar gidan ubansa ya koma wurin kawunsa, ya rame, har Tannie Rosie, uwarsa, ta daina yi wa mijinta magana. Sai da sanyi ya wuce Yonela ta amsa.

"Ina sonka, Kifina, abin haushin ke nan. Ka gaya wa babanka ina zuwa gobe, ya tara mutanensa."

Ta same su a wurin ajiye motoci suna gasa kifi. Ta gaida tsohon da ladabi kamar ba abin da ya faru.

"Oom, na zo da ciniki. Zan rufe shafina, ba zan sake gaya wa baƙo ranar ruwa ba. Kai kuma ka bar mini Elroy, ka zo ɗaurin aurenmu a Cradock da ƙafarka, duk ranar da na sa."

Gawie ya dubi mutanensa yana murmushin wanda ya ci kasuwa.

"Shi ke nan? Ku shaida. Duk ranar da ta sa, ko da rarrafe ne zan je. Gawie ba ya magana biyu."

Ta rufe shafin a gabansu. Motocin baƙi suka ragu, tsohon ya riƙa yawo yana cewa ya koya wa 'yar boko hankali. Kawun Elroy ya je Cradock aka gama maganar shanun aure, kakarta ta sa albarka, baffanta fasto ya ce a kowace rana a shirye yake. Rana ce dai amarya ta ƙi sawa.

"Yaushe, Malamata?"

"Ba yanzu ba, Kifina."

Zafi ya zo ya wuce, ba yanzu ba. Wani sanyin ya shigo, ba yanzu ba. Charné ta fara yaɗa cewa wasa ake yi da hankalin Elroy, ta riƙa kai masa abinci wurin aiki, shi kuma yana miƙa wa abokansa su cinye.

Wata Lahadi saƙon Yonela ya shigo wayar Elroy.

"Asabar mai zuwa, da safe. Motar ɗaukar dangi za ta tashi Juma'a da yamma."

Elroy ya yi tsalle har ya bugi fanka. Amma ɗalibin kirki ne, ran Laraba ya buɗe taswirar iska don sabo. Ya ga wata guguwa can kudu, faɗinta ya fi ƙasarmu, tana tafiya a hankali, bakinta na kallon gaɓarmu sak. Ya duba iskar Asabar, daga tudu. Ya je ya samu Yonela tana gwada takalmin biki.

"Yoni, Oumatand ne."

"Na sani."

"Da gangan kika yi?"

"Shekara guda ina jiranta."

"Tsoho ne fa. Wannan ce ta ƙarshensa. Ki ɗaga zuwa wata Asabar, don Allah, ni na roƙe ki."

Ta ajiye takalmin, ta ɗaga siket ta nuna masa tabon gwiwarta.

"Ranar nan ka zaɓa, Kifina, da shirunka. Yanzu ina so ka sake zaɓa da bakinka. In ruwa kake so, ga shi nan tafe, ba mai iya tsayar da shi. Ni ina Cradock ran Asabar. Ba na ɗagawa."

Elroy ma tun yana yaro yake mafarkin hawan Haƙorin Kaka kusa da ubansa. Idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya durƙusa ya ɗauki takalmin ya sa mata.

"Ke na zaɓa. Amma kin iya mugunta, Malamata."

"A ruwanku na koya."

Gawie ba ya duba waya, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa. Teku ce ta gaya masa da kanta. Juma'a da yamma, mota ta cika da dangi da kulolin abinci, aka neme shi aka rasa. Can aka hango shi a kan tsauni cikin kwat ɗinsa ta coci, yana kallon siraran layuka masu doguwar tazara suna lanƙwasowa. Direba na ta matsa oda. Mutanensa suka taru a bayansa.

"Pa," in ji Elroy, "in ba za ka iya ba, zan fahimta."

"Rufe mini baki." Gawie ya juya ya dubi mutanen da suka shaida rantsuwarsa ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai ce a yafe masa. Kowa ya kau da kai. Ya taka a hankali ya shiga mota.

An ɗaura aure a ƙaramar cocin baffanta, mata na guɗa, amarya ta yi kyau har ango ya kasa faɗin alkawarinsa sai da aka maimaita masa. Ta matse hannunsa ta ce a hankali, "Ka sake kifawa, Kifina." Aka fito tsakar gida, ga naman tunkiya, ga masara da wake, kakar amarya na rawa da sandarta.

Ana cikin ci wayoyi suka fara ƙara a tare. Charné ce, wadda ta ƙi zuwa, ta turo hoton bidiyo da saƙo: "Ango, ga abin da ka sayar." Ita dai ango ta nufa, amma wayar ta bi hannu hannu har ta isa ga Gawie.

Oumatand ne ya farka. Igiyoyi kore shar, tsayinsu ya fi rufin cocin, suna zuwa rukuni rukuni, iska na tsefe musu kai, kowace na naɗewa tun daga tsauni har bakin yashi. Samarin da suka rage a gari suna zaune a kan duwatsu da allunansu a cinya. Ba wanda ya shiga, domin Gawie bai shiga ba.

Tsohon ya kalla har ƙarshe, ya sake kunnawa. Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. Ya tashi yana ɗingishi ya je teburin amarya.

"'Yata," ya ce, karo na farko da ya kira ta haka, "ke da kika sani. Yaushe zai dawo?"

Yonela ta miƙe, ta gyara masa furen da ke aljihun kwat ɗinsa.

"Irin wannan guguwar, Pa? Shekara goma. Wataƙila sha biyar."

Gawie ya gyaɗa kai, ya yi lissafinsa shi kaɗai. Sannan ya ɗora hannu ɗaya a kan ɗansa, ɗaya a kan amarya.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana. Elroy, ka riƙe ta da kyau, kada ka kuskura ka ɓata mata rai."

Jama'a suka amsa da amin, makaɗa suka ci gaba. Ni ma amin na ce, Allah ya ba su zaman lafiya, ya raba mu da laifin da za a jira mu shekara guda a kansa. Amarya ta ja wa surukinta kujera kusa da ita, ta zuba masa nama da hannunta.

"Ci, Pa, kada ya huce."