Gudun Gidan Inusa

Rana ta riga ta sauka bayan tabkin Madarunfa, shanu sun wuce gida, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangu, amma Inusa bai tashi daga bakin teburinsa na zaure ba. Asalinsa mai gyaran rediyo da salula ne. Sai da 'yan kasuwar Ɗan Issa suka fara sayo wa 'ya'yansu ƙananan motocin wasa masu siffar kamyo, wato babbar motar kaya, waɗanda ke tafiya da batir ana tuƙa su daga nesa da telekoman, sannan Allah ya buɗe masa wata ƙofar. Duk wadda ta lalace, daga Maraɗi har Gabi, zaurensa ake kawo ta. Gwani ne, ba a raba shi da wannan. Aibinsa ɗaya, bakinsa ya fi hannunsa sauri, kuma bai taɓa yarda akwai abin da dabara ba ta warwarewa ba.

Motar da ke gabansa ran nan ja ce, ta jikan wata Hajiya Nana ta Ɗan Issa, kuma ciwonta mai ban haushi ne. In ya kunna ta sai ta yi 'yar ƙara kamar ɗan tsako, ta zabura da ƙarfi, kafin ta kai bakin ƙofa ta mutu. Da farko ya zargi bariyatar, wato ɗan akwatin da ke raba wa injin wuta yana daidaita gudu. Ya taɓa shi, bai yi zafi ba. Ya sake liƙe wayoyi da dalma, ya goge mahaɗarsu, ya danne kunamar telekoman ya sake koya wa akwatin inda tsayuwa take da inda ƙarshen gudu yake. Duk a banza. Sai da ya ɗora ma'aunin wuta a kan batir ɗin sannan gaskiya ta fito: cikin ɗakunansa uku ɗaya ya mutu, shi ya sa bariyatar ke yanke wuta don kada a ƙarasa sauran. Da ya zare ledar da ke jikinsa, sai ya tarar batir ɗin ya kumbura kamar ƙosai.

Irin wannan batir ba a kwana da shi a ɗaki, kuma ba a huda shi. Ana nutsa shi ne cikin ruwan gishiri har ya mutu sarai, sannan a binne. Inusa ya san haka. Amma ladan ya fara gyaran murya, ga haushin yinin da ya ɓata ya cika masa ciki. Ya ɗauki ƙusa ya caka masa, wai iskar ta fita, ya ratsa tsakar gida ya nufi jujin toka da ke gindin tsohuwar tsamiya, can bayan ɗakuna.

Matarsa Barira tana bakin murhu. Ta ɗago kai ta ce, "Maigida, almuru ta yi hwa. In za ka yar da abu can, ka yi bisimilla, ka ce musu gahwara."

"Gahwara ga wa? Ga toka?" in ji Inusa, ya wurga shi.

Batir ɗin ya yi wani tsaki, ya fesa farin hayaƙi mai ɗaci, wuta ta tashi daga cikinsa tana cin toka kamar an zuba mata fetur. Cikin hayaƙin nan Inusa ya ji wani kuka siriri, gajere, irin na yaron da aka taka. Ya tsaya kaɗan. Sai ya ce wa ransa kyanwa ce, ya juya ya tafi alwala.

A daidai lokacin ne Zuwaira ta shigo da gudu daga aike. Ita ce autarsu, yayyenta duk sun tafi ci-rani Najeriya, kuma tun da ta iya tsayuwa ba a taɓa ganinta tana tafiya a hankali ba. A kan yatsu take gudu, ƙafar hagu tana ɗan karkata waje. Duk lekwal ɗinsu, wato makarantarsu, babu mai kamo ta, har maza, kuma mushensu, malamin ajinsu, ya ce da ita za a je tseren makarantu a Maraɗi. Ita ce ma'aunin ubanta: in ya gama gyaran mota sai ya ajiye ta a layi, Zuwaira ta tsaya gefenta, ya danna. In mota ta wuce Zuwaira, ta gyaru. In Zuwaira ta wuce mota, a koma kan tebur. Inusa ba ya faɗa a fili, amma duk duniya babu abin da ke faranta masa rai kamar ganin bayan yarinyar nan tana tashin ƙura.

Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa ce ƙanana take sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kuma in ka ɗauka sai ka ji ta da ɗumi, da toka a jikinta. Inusa ya zaga bayan katanga da sanda, bai ga ko akuya ba. Da aka kwana biyu sai motocin da ke jere a kan kanta suka fara 'yar ƙarar nan ta tsako da kansu, su da babu batir a cikinsu. Ya ce wata rediyo ce ke shigar musu, ya cire wayoyinsu kaf. Suka ci gaba. Daga nan kuma, in gari ya yi shiru tsakanin kiran salla da tayar da ita, sai a ji muryar mace a gindin tsamiya tana rarrashin yaro, murya mai gajiya, ba ta ɗagawa. Barira ta daina dafa tuwon dare a waje. Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta.

Sannan abin ya faɗa kan Zuwaira. Tana tsakar gida da tulu a kai, rana na faɗuwa, sai ta tsaya cak, tulun ya zame ya fashe, ta zube tana riƙe da tafin ƙafafunta tana ihu wuta, wuta. Babu ƙuna a jikinta ko kaɗan. Aka kai ta likita, aka duba, aka ce ba a ga komai ba. Da rana sai ta kwanta shiru tana kallon bango. Da almuru sai ta ja jiki ta nufi juji, idanunta sun juye, tana magana da muryar da ba tata ba.

Barira ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta aika Gabi a kirawo Malam Hamza, wani tsoho siriri mai ƙarancin magana da aka sani da wannan aiki. Ya iso da la'asar sakaliya, ya zaga gidan, ya daɗe tsaye a gaban baƙin tabon da wuta ta bari a kan toka. Sannan ya dubi Inusa.

"Abu guda nike roƙonka. In wadda ke jikin yarinyar ta hwara magana, ni kaɗai za ni amsa. Mutanen nan ba su ɗaukar magana yadda muke ɗaukarta. Abin da baki ya hurta, shi ke nan, babu na yi nuhin kaza."

Inusa ya ce to. Irin to ɗin da yake ce wa masu mota in suna koya masa aikinsa.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, ƙarƙashin kantar motoci, don nan ne ya fi nisa da tsamiya. Barira ta rungume yarinyar ta baya. Malam ya sa turare a kasko, ya dafa kan Zuwaira, ya fara karatu a hankali. Hasken ƙofa ya yi ja, ya yi toka-toka. Tsakuwa ta fara sauka a kan kwano, sai kuma ta tsaya. Jikin Zuwaira ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya ta tsohuwar mace ta fito, a dishe kamar ta wadda ta kwana kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, an riga an ƙona mini abin da ya hi."

"Wace ce ke?"

"Uwar wanda aka ƙona. Muna gindin tsamiyar nan tun ba a ja katangar gidanga ba. Matar nan ba ta taɓa zubda ruwan zahi ba sai ta ce gahwara, ni kuwa in janye ɗana. Kalma guda, Malam. Da mijinta ya hwaɗe ta da na janye shi. Har tuna mishi aka yi, ya ce gahwara ga toka."

Inusa ya ƙura wa tabarma ido. Bai ɗago kai ba.

"Ɗana da ke zuwa tabki ya dawo kahin ka rufe baki," in ji muryar, "yanzu da ciki shike ja. Ƙahwa da ƙahwa. Na riƙe wagga ɗiya tashi."

Malam Hamza bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ta ko musulma ce, ta ce musulma ce. Ya tuna mata yarinyar nan ba ta yi mata komai ba. Ya ce za a kwashe jujin, a kewaye tsamiya da ƙaya kada kowa ya sake zubar da komai, a yanka rago a yi sadaka da niyyar Allah ya ba ɗanta lafiya. Ya ce uwa ce ita, ta dubi uwar da ke riƙe da wannan. Ya daɗe yana magana da ita kamar mai lallashin maƙwabciya, har yatsun Zuwaira da suka dunƙule suka fara saki. Hawaye ya gangaro a fuskar yarinyar, kuma kowa a zauren ya san ba nata ba ne.

"Na ji, Malam," in ji muryar, ta yi laushi. "Amma ɗana ya rasa gudunshi. Da mi ake biyan gudu?"

Malam ya buɗe baki zai ce mata ba a biyansa, sai dai a yafe don Allah, kuma ga dukkan alama da ta yafe. Amma idon Inusa ya riga ya kai kan kantar zauren. Ga motoci nan jere, ja da shuɗiya da baƙa, kowace cike da gudu. Dabara ta faɗo masa, irin wadda ke faɗo masa a kan tebur: ta kwashe gudun motoci mana, gobe ya sa sabon inji da sabon bariyatar, wa ya yi asara? Har wani daɗi ya ji a ransa, shi da zai yi wa aljana wayo.

"Gudu kike so?" ya ce da ƙarfi. "Ɗauki! Duk gudun da na mallaka cikin gidanga na ba ki, ki sakam mini ɗiya!"

Malam Hamza ya rufe ido.

Muryar ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi a hankali, "Ka ji shi, Malam. Ba ni na roƙa ba. Na karɓa." Zuwaira ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce Inna, ƙishirwa nike ji.

Barira ta fashe da kukan murna. Inusa ya miƙe yana murmushi, yana jiran a yaba masa. Malam ya naɗe buzunsa, ya ƙi cin tuwo, ya ƙi karɓar komai. A bakin ƙofa ya ce, "Saura ƙiris ta yahe maka kyauta." Ya tafi.

Jifa ta tsaya. Muryar gindin tsamiya ta ɗauke. Zuwaira ta tashi, ta ci, ta yi wanka, ta taka ƙafafunta lafiya lau. Da hantsi Inusa ya sa wa jar motar sabon batir, ya fito da ita layi, yana shirin ganin ta mutu don ya fara canjin inji. Ya danna kunama. Motar ta yi ƙararta ta tsako, ta harba kamar kibiya har ƙarshen layi. Ya ɗauko shuɗiyar, ita ma haka. Baƙar ma haka. Babu wadda ta rasa komai. Sai ya kira yadda ya saba.

"Zuwaira! Zo ki kamo ta."

Ta fito tana murmushi, ta tsaya gefen motar, ta sunkuya a kan yatsunta. Ya danna. Motar ta tafi. Zuwaira ta ɗaga ƙafa, ta ajiye, ta ɗaga ɗayar, ta ajiye, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ta dubi ƙafafunta. Ta sake yunƙurawa, jikinta ya karkata gaba, ƙafafun suka ci gaba da takunsu na tsofaffi.

"Baba," ta ce, "na manta yadda ake yi."

Barira tana tsaye a bakin zaure, ta ga komai. Ba ta yi ihu ba. Muryarta a bushe ta ce, "Motocin nan na mutane ne, Maigida. Ko guda ba taka ba ce. Mi ka mallaka mai gudu cikin gidanga in ba ita ba?"

An koma Gabi, Malam Hamza ya ce kyauta ce aka yi da baki a gaban shaidu, kuma wadda aka ba ta riga ta tashi. Mushe ya tafi Maraɗi da wata yarinyar. Zuwaira tana zuwa lekwal, tana ɗebo ruwa, tana komai, amma ko ruwan sama ya tsuge a kanta, ko kare ya biyo ta, takun nan ɗaya ne. Inusa ya ci gaba da gyara, don da shi ake ci, sai dai yanzu a kan tebur yake gwada mota, ƙafafunta a sama suna juyawa a iska. Kowace magariba yana zuwa gindin tsamiya ya tsaya ya ce gafara, gafara, ga wurin da babu kowa.

Ranar da ya zo kwashe jujin ne ya ga sawun. Ƙananan sawu ne a kan toka, na yaro, sun fita ta kafar katanga sun nufi tabki. Tsakanin sawu da sawu da nisa, irin na mai gudu da gaske. A kan yatsu aka taka su, kuma na hagun ya ɗan karkata waje.