Wutar Gidan Stanoje

Maza ke gadon bikin waliyyin gida, amma mazan zuriyar Stanoje sun ƙare, wasu a kabari, wasu a Jamus. Dobrila, 'yar gidan, ta baro jami'a, ta dafa alkamar bikin, ta kunna kyandir ita kaɗai.

Da dare wani tsoho ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar biki ba a korar baƙo.

"'Yar wa ce ke?"

"'Yar gidan nan, baba."

Ya zauna dab da murhu, amma ƙanƙarar da ke gemunsa ta ƙi narkewa.

"A tukunya na ɗauko wutar nan daga duwatsun Hercegovina, ƙasarmu ta asali," ya ce. "Tunda ba kowa, zan mayar da ita."

Ta tare murhun.

"Ba ka gan ni ba ne, kaka Stanoje?"