Mai Ɗinkin Raga a Dahaban

Mastura ce ta matsa wa mijinta Majid, wai hutun Sallar bana sai sun kai yara bakin teku, can arewa da Jidda inda babu cunkoso. Da ya tashi daga aiki, ya ja mota ya nufi Dahaban don ya duba inda za su kafa tanti.

Magriba ta rufa lokacin da ya sami wata gaɓa shiru. Wani tsoho na zaune yana ɗinkin raga, ya ba shi baya. Majid ya yi sallama, ba a amsa ba. Iska ta ɗauke, sai ƙarnin kifin da ya wuni a rana.

"Ya ammi," in ji Majid, wato baffa da Larabci, "ana wanka a nan?"

"Ana yi," in ji tsohon. "Ka zo da ƙaramar 'yarka, Joud. Ita muke jira."

Majid bai taɓa ganin mutumin nan ba. Zuciya ta ɗebe shi, ya cakumi wuyan rigarsa. Da hannu ɗaya tsohon ya ɗaga shi ya maka da jikin mota, gilashi ya tarwatse, haƙarƙarinsa ya ce ƙas. Kafin ya yunƙura an kama ƙafarsa, ana jan sa kan duwatsu zuwa ruwa, bakinsa cike da jini da yashi. Ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, harshe ya sarƙe.

Tsohon ya sunkuyo, ruwan gishiri na kwarara daga idanunsa. Ya buɗe baki, sai muryar Joud ta fito, siririya, tana dariya.

"Baba, yalla, yi sauri, shigo mana. Ruwan babu sanyi."